Jirgin Shaƙatawa a Kogin Haɗeja: Almubazzaranci Ko Hanyar Ceto Kogi?

Ba a cika jin sunan Kogin Haɗeja a kafafen yaɗa labarai ba sai in wani abin baƙin ciki ya faru. Ko dai ruwa ya yi ambaliya ya cinye shinkafa a Auyo da Kafin Hausa, ko kwale-kwale ya kife da masu dawowa daga kasuwa, ko kuma manoma suna kuka da ciyawar kachala da tsuntsayen jan baki. A ambaliyar 2022 kaɗai, Jihar Jigawa ta rasa rayuka fiye da 100, dubban gidaje suka rushe. Don haka duk wanda ya tashi ya ce ya kamata mutanen ƙasar Haɗeja su kafa ƙungiyar masu yawon shaƙatawa a jirgin inji, su riƙa shiga kogin nan don jin daɗi kawai, zai sha kallon wanda ƙoshi ya yi wa yawa. Duk da haka maganar tana da tushe, kuma tushen nata ya wuce nishaɗi. Babbar cutar Kogin Haɗeja a yau ita ce toshewar hanyarsa, kuma a cikin dukkan masu cin moriyarsa babu wanda buƙatarsa ta rataya a kan hanyar ta zauna a buɗe daga farko har ƙarshe kamar mai jirgi. Idan aka samu jama'a masu yawa da ke bin kogin da son ransu, suna biya, suna gani da idonsu, suna magana a inda ake jin su, to kogin ya samu masu tsaya masa. Sharaɗin shi ne a gina abin daga ƙasa, a hannun masunta da 'yan fito, da ƙananan injina da ƙa'idoji masu tsauri.

Kafin a yi nisa, yana da kyau a san yadda ruwan yake. Kogin Kano da Kogin Chalawa ne suke haɗuwa kafin Wudil su zama Kogin Haɗeja, wanda ke gangarowa gabas ta ƙasar Ringim da Miga da Auyo har ya iso garin Haɗeja. Daga nan ƙasa ta shimfiɗe, gangara ta yi ƙaranci, tsofaffin tuddan yashi suka tare masa gaba, sai ya rarrabu zuwa rassa: akwai reshen Kafin Hausa, da tsohuwar hanyar kogin, da Burum Gana, da kuma Marma wadda ke zuba a tafkin Nguru. Abin da ya tsira daga cikin ruwan yana haɗuwa da na Kogin Jama'are a kusa da Gashuwa, su zama Komadugu Yobe mai nufar Tafkin Chadi. Tsakanin Haɗeja da Nguru da Gashuwa nan ne fadamar da duniya ta sani, wadda ƙananan hukumomin Kirikasamma da Guri suke tsakiyarta. Hausawa da Badawa da Mangawa da Fulani suna rayuwa a kanta tun kaka da kakanni: shinkafa da damina, kifi idan ruwa ya fara janyewa, noman rani da kiwo idan ƙasa ta bayyana. Wannan ba kogi ba ne mai faɗi da zurfi irin Neja a Yawuri. Ruwa ne marar zurfi, mai lunguna da tafkuna, wanda yake cika ya kuma ja baya. Duk wani tunani a kan jirgi a nan dole ya fara daga wannan siffa.

Abin da ake nufi da yawon jirgin inji shi ne mutane masu sha'awa ɗaya su mallaki jirgi ko su yi hayarsa, su fita tare a ranakun hutu, su bi ruwa daga wannan mashigi zuwa wancan, su yada zango a wani ƙauye, su ci abinci, su koma gida. Abin ya yaɗu a duniya ne bayan da Ole Evinrude ya ƙera injin da ake maƙalawa a bayan jirgi a Amurka a 1909, domin daga nan kowane ƙaramin kwale-kwale yana iya zama jirgin inji ba tare da an sake masa gini ba. A Najeriya, Legas ce ta yi fice da irin waɗannan ƙungiyoyi tun zamanin Turawa, kuma har yau ana yi musu kallon wurin masu hannu da shuni. A fadamar Haɗeja kuwa jirgi kayan aiki ne. Masunci yana shigarsa ya duba kalli da mali, ɗan fito yana haye da mutane da babura da awaki ranar kasuwa, manomi yana kwaso shinkafarsa a ciki idan ruwa ya riga shi zuwa gona. Amma kuskure ne a ɗauka wasa a kan ruwa baƙon abu ne a Arewa. Bikin kamun kifi na Argungu, wanda aka faro a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin al'adun gado na duniya a 2016, yana da kabanci da tseren kwale-kwale. Yawuri tana da bikin Rigata a kan Neja, Badawa kuma suna da nasu bikin kamun kifi a Gogaram. Sha'awar tana nan. Abin da babu shi ne tsarin da zai sa ta zama ta kowane mako maimakon ta kwana biyu a shekara.

Yanzu a dubi abin da ya sami kogin. An kammala madatsar Tiga a 1974, zamanin Gwamna Audu Bako, aka kuma kammala ta Chalawa da ke Ƙaraye a 1992. Madatsun nan sun shayar da birnin Kano, sun raya noman rani a Kadawa da Kura, kuma babu mai hankalin da zai ce a rushe su. Sai dai sun sauya halin kogin. A da yakan cika ya tumbatsa a watannin Agusta da Satumba da ƙarfin da zai wanke hanyarsa, sannan ya ƙafe da rani, rana ta ƙone duk ciyawar da ta tsiro a cikinsa. An ƙiyasta cewa kafin madatsun ruwa kan mamaye fiye da murabba'in kilomita 2,000 a shekara mai albarka, amma bayan Tiga da farin shekarun 1970 da 1980 ya ragu zuwa ƙasa da rabin haka. Abin da ya fi muni shi ne ruwan da ake saki kaɗan-kaɗan duk tsawon shekara. Irin wannan ruwa, marar zurfi kuma marar yankewa, shi ne abin da kachala take so. Ta kafa saiwa, ta rage wa ruwa gudu, laka ta kwanta a gindinta, hanya ta cike. Sai ruwan ya bar inda ya saba bi ya fantsama cikin gonaki ta ɓangaren Marma, yayin da garuruwan da ke kan Burum Gana da tsohuwar hanya suke neman sa ido rufe. A cikin kachalar kuma jan baki ke kwana, sauro ke hayayyafa, da dodon koɗin da ke ɗauke da tsargiya. Ambaliya a wani gari da ƙishirwa a maƙwabcinsa duk daga toshewa ɗaya suke fitowa.

Tambayar ita ce, wa ke da buƙatar hanyar ta buɗe gaba ɗayanta? Manomin rani yana son ruwa ya iso bakin gonarsa, kuma idan ya samu ya datse ko ya fasa gaɓa ya jawo shi, buƙatarsa ta biya, ko da na ƙasa da shi zai rasa. Masunci yana son tafkinsa ya cika, wani lokaci ma shingen da yake kafawa don tare kifi yana taimaka wa laka ta taru. Makiyayi yana son mashaya da burtali. Hukumar Raya Kogunan Haɗeja da Jama'are, wadda aka kafa a 1976, an fi auna ƙoƙarinta da yawan kadadar da ta shayar, kamar aikin noman rani na kwarin Haɗeja da ke Auyo, wanda Shugaba Muhammadu Buhari ya ƙaddamar a farkon 2023. Kowannensu yana da gaskiyarsa, amma kowa yankinsa na kogin yake kallo. Mai jirgin da ya yi niyyar tashi daga Haɗeja ya kai Nguru shi kaɗai ne toshewar kilomita ɗaya take ɓata wa tafiya baki ɗaya. Shi ne zai san a wace kwana kachala ta fara rufewa a bana, ina aka yi sabon datsi, ina yashi ya taru. Tun da jirgin ƙasa ya isa Nguru a 1930 ta Malam Madori da Birniwa, daga baya kuma motoci suka karɓe fatauci, ba a cika buƙatar doguwar tafiya ta ruwa ba, sai fito daga gaɓa zuwa gaɓa. Hanyar da aka daina bi kuwa, ta ƙasa ce ko ta ruwa, ciyawa ce ke gadonta.

Akwai inda aka gwada wannan aka ga sakamakonsa. Ingila ta haƙa dubban kilomitoci na hanyoyin ruwa a ƙarni na 18 da farkon na 19 don jigilar gawayi da kayan masana'antu. Da jirgin ƙasa ya zo, sai aka yi watsi da su, suka cike da laka da shara, har hukumomi suka fara shirin rufe da dama daga cikinsu. A 1946 wasu masu sha'awar yawon jirgi, ƙarƙashin jagorancin Robert Aickman da Tom Rolt, suka kafa ƙungiyar kare hanyoyin ruwa na cikin ƙasa. Dabararsu mai sauƙi ce: su tura jiragensu cikin hanyoyin da ake cewa sun mutu, su nemi haƙƙinsu na wucewa, su tara jama'a, su matsa wa 'yan majalisa, sannan a ƙarshen mako su sa tsofaffin kaya su shiga laka da shebur. Hanyar Kennet da Avon, wadda ta haɗa Reading da Bristol, ta daɗe a toshe, amma aikin sa-kai na shekaru ya sa Sarauniya Elizabeth ta sake buɗe ta a 1990. A yau akwai kimanin mil 2,000 na irin waɗannan hanyoyi a hannun wata gidauniya da aka kafa a 2012, jirage fiye da 30,000 suna biyan kuɗin lasisi a kansu. Ba 'yan kasuwa ne suka ceto su ba, domin ciniki ya riga ya ƙaura. Masu son yawo ne. Babu wanda zai ce Haɗeja Ingila ce, amma darasin bai dogara da arzikin ƙasa ba: ruwan da yake da masoya masu tsari yana samun mai kai ƙararsa.

Suka ta farko da za a yi wa wannan shawara, kuma mafi nauyi, ita ce ta talauci. Ta yaya za a yi maganar ƙona fetur don nishaɗi a ƙasar da mutane ke kwana a makarantun firamare idan ruwa ya ci gidajensu, kuma tun da aka janye tallafin mai a Mayun 2023 ɗan fito kansa yake lissafi kafin ya tada inji? Amsar tana cikin inda kuɗin zai faɗa. Ma'aikatan gwamnati da 'yan kasuwa da malaman jami'a na Dutse da Kano da Haɗeja suna kashe kuɗin hutu ko an so ko ba a so, wasu a Abuja, wasu a Dubai, wasu a kan dawakin kilisa, waɗanda babu mai ce musu almubazzarai. Idan wani kaso na wannan kuɗi ya juyo fadama, zai shiga hannun mai jirgi, da kafintan da ya ƙera shi, da makanikin inji, da mai gasa tarwaɗa da karfasa a bakin mashigi, da yaron da ya san sunan kowane tsuntsu. A fadamar Okabango ta ƙasar Botswana, mutanen ƙauyuka ne ke tuƙa baƙi a ƙananan kwale-kwalensu, kuma sun kafa ƙungiyoyin da ke tsara layi da rabon abin da aka samu. Masuncin Haɗeja yana buƙatar irin wannan ƙofa ta biyu, domin masu kamu sun ƙaru, raga ta ƙara matsewa, kifin da ke zuwa kasuwa yana ƙanƙancewa. Ranar da ya samu abin cefane daga ɗaukar baƙi, rana ce da kifi ya huta. Tun farkon shekarun 1990 masanin tattalin arziki Edward Barbier da abokan aikinsa suka nuna cewa ruwan da aka bari ya malala a wannan fadama yana samar da amfani fiye da kwatankwacinsa da aka tare don manyan ayyukan ban-ruwa. A wancan lissafi noma da kifi da itace aka ƙirga, ba a ma sa yawon buɗe ido ba.

Suka ta biyu ita ce wai babu abin gani, kuma ruwan ba ya zama. Na farkon ba gaskiya ba ne. Tafkin Nguru da hanyar Marma su ne wuri na farko a Najeriya da aka sa cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci ga duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, a shekarar 2000, Baturiya da Dagona kuma suka bi baya a 2008. A 2020 UNESCO ta amince da yankin Haɗeja da Nguru da Bade a matsayin keɓaɓɓen muhallin halittu, kuma a wannan shekarar gwamnatin tarayya ta sa Baturiya cikin wurare goma da za a mayar gandun daji na ƙasa. An ga nau'in tsuntsaye fiye da 300 a yankin: dinya da kirinjijiya da zalɓe da jinjimi, da kuma agwagin daji da ke tsallako Sahara daga Turai su yi hunturu a nan. Su ne suka kawo Yarima Philip, mijin Sarauniya Elizabeth, Dagona a 1989. Abin takaici ne a ce baƙo ya taso daga wata nahiya don ya ga abin da ɗan Haɗeja bai taɓa shiga jirgi ya kalla ba. Batun zaman ruwa kuwa gaskiya ne, amma iyaka yake sa wa abin, ba ya hana shi. A ƙasashen sanyi ma ana fitar da jirage daga ruwa a ajiye su tsawon hunturu. A nan, Agusta da Satumba watanni ne na haɗari da jimami, bai dace kowa ya fita yawo ba. Daga ƙarshen Oktoba zuwa wajen Fabrairu ruwa ya lafa, tafkuna suna cike, zafi ya sauka, tsuntsayen ƙetare sun iso. Wata huɗu sun isa kaka guda.

Suka ta uku ita ce wadda ya kamata a fi saurara, domin daga bakin masunta da masu kula da tsuntsaye take fitowa: inji ɓarna yake yi. Haka ne. Farfela tana yanke raga da mamari. Igiyar ruwan da jirgi mai gudu ke tayarwa tana zaizaye gaɓa, tana iya kifar da ƙaramin kwale-kwale ko mai su a kan gora. Tsohon inji mai shan fetur gauraye da baƙin mai yana barin maiƙo a kan ruwa, ƙararsa kuma tana tarwatsa tsuntsayen da aka zo kallo. Idan yawon jirgi yana nufin samari su kawo injin doki 75 su yi ta tsere a Baturiya, gara kada a fara. Amma wannan matsala ce da wasu suka riga suka yi fama da ita. Yankin Broads na gabashin Ingila ya yi kama da fadamar Haɗeja ta wasu fuskoki: ruwa marar zurfi, gaɓa mai laushi, ciyayi masu tsawo, tsuntsaye masu yawa. Da jiragen haya suka yi yawa gaɓa ta fara zubewa, sai hukumar da ta karɓi ragamar yankin a 1989 ta tsaurara iyakar gudu, wadda take tsakanin mil 3 zuwa 6 a sa'a, ta kuma riƙa karɓar kuɗi daga kowane jirgi tana yashe hanya da yanke ciyawa da shi. Haɗeja tana iya yin nata daidai da halinta. Jirgi ya zama mai shimfiɗaɗɗen ciki wanda ba ya nutsewa da yawa, injin kada ya wuce doki 15, a kashe shi a koma filafili da sanda idan an kusanci wurin tsuntsaye ko inda aka kafa raga. A keɓe tafkunan da inji ba ya shiga sam. Kuma kowane jirgi ya ɗauki ɗan gari a matsayin jagora, bisa izinin sarkin ruwa ko bulaman wurin, domin shi ya san inda kayan kamun kowa suke.

Suka ta huɗu ita ce tsoron nutsewa, kuma babu mai raina ta. A ranar 30 ga Nuwamban 2021 jirgi ya kife a madatsar Watari da ke Bagwai a Jihar Kano, aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu 'yan makarantar Islamiyya masu zuwa Mauludi. A Yunin 2023 fiye da mutum 100 suka halaka a ƙasar Patigi ta Jihar Kwara suna dawowa daga biki da dare. Idan aka bi irin waɗannan haɗura ɗaya bayan ɗaya, dalilan ba sa canzawa: lodi fiye da kima, tsohon katako mai yoyo, tafiyar dare, da rashin rigar kariya daga nutsewa. Hukumar kula da hanyoyin ruwa ta ƙasa, NIWA, mai hedikwata a Lakwaja, ta hana tafiyar dare ta kuma wajabta sa rigar, amma ba ta da ma'aikatan da za ta tsayar a kowane mashigin ƙauye. Abin lura shi ne duk waɗannan dalilai na tafiyar dole ne. Wanda zai kai kaya kasuwa ba shi da zaɓi, mai jirgin kuma kowane fasinja ƙarin kuɗi ne a wurinsa. Mai yawon shaƙatawa ba ya sauri, yana iya fasawa idan hadari ya haɗo, kuma ba zai sa 'ya'yansa a jirgin da babu riga ba. Ɗan fiton da ya saba ɗaukar irin wannan baƙo zai mallaki riguna, zai toshe yoyon jirginsa, zai san adadin da aka rubuta masa, kuma da wannan jirgin zai yi fito ranar kasuwa. Bayan haka, idan ambaliya ta zo, abin da ake nema da gaggawa a Guri da Kirikasamma da Auyo shi ne lafiyayyen jirgi mai inji da matuƙin da ya san hanya. Jiragen da suka yi yawo da sanyi su ne za su yi ceto da damina.

Akwai kuma masu fargabar cewa wurin shaƙatawa a bakin ruwa kan rikiɗe ya zama dandalin baɗala, da masu cewa an taɓa gwadawa bai yi ba. Na farko magana ce ta wanda ke riƙe da ragama. Abin da masarauta da malamai da dattawan gari suka sa wa ido, wanda ake fita da hantsi a dawo kafin magariba, iyali a jirginsu, 'yan makaranta da malamansu, bai fi zuwa kallon hawan salla haɗari ga tarbiyya ba, kuma duban halittar Ubangiji abu ne da addini ya kwaɗaitar a kai. Na biyun kuwa gaskiya ne, kuma akwai darasi a ciki. An gina otal a bakin tafkin Bagauda da wani a Tiga da niyyar jawo masu yawon buɗe ido. Na Bagauda a yau harabar Makarantar Horon Lauyoyi ce, na Tiga kuma ya shafe shekaru ba ya aiki yadda aka tsara. An fara da gini ne kafin a samu jama'ar da ta saba da ruwan, kuma mutanen ƙauyukan da ke kewaye ba su ga rabonsu a ciki ba. Saboda haka abin da ake nema a Haɗeja ya saɓa da wancan. Ba a buƙatar kwangilar otal ko sayo jiragen alfarma daga waje, waɗanda za su ruɓe a bakin gaɓa da zarar farfela ɗaya ta karye. Mutum ashirin masu sha'awa, da jirage uku ko huɗu na haya daga hannun masu su, da mashigi ɗaya mai tsabta, sun isa a fara.

Ba za a ce ƙungiyar masu yawo za ta kawar da kachala ba. Wannan aiki ne na manyan injinan haƙa masu tafiya a cikin ruwa, irin waɗanda gwamnatin Jigawa ta sayo a 'yan shekarun nan, da aikin gayyar da ƙauyuka suka daɗe suna yi da lauje da adda, sannan uwa-uba da sauya yadda ake sakin ruwa daga Tiga da Chalawa, ta yadda kogin zai riƙa samun cikar da za ta wanke shi da kuma lokacin bushewa. Wannan shawara ce da ta shafi jihohi shida, shi ya sa a 2006 Kano da Jigawa da Bauci da Yobe da Borno da Filato suka haɗu suka kafa asusun kula da kwarin kogin. Amma hanyar da aka yashe bana, idan ba a bin ta, kachala za ta mayar da ita cikin 'yan shekaru, kuma a teburin da ake rabon ruwa wanda ya fi murya shi ya fi samu. Birnin Kano yana da murya, manyan manoman rani suna da ita. Masuncin Marma da mai shinkafar Guri ba su da wanda zai kai kukansu Dutse ko Abuja a kan kari. Likita ko lauya ko ɗan jarida ko ɗan majalisar da jirginsa ya maƙale a kachala, ya sauka cikin laka ya tura, ya zauna da mutanen ƙauyen ya ji yadda gonakinsu suka zama tafki, ba zai ƙara ɗaukar matsalar a matsayin labarin rediyo ba. Ganau ya fi jiyau, kuma a yanzu masu faɗa a ji kusan duk jiyau ne a kan wannan kogi.

Matakin farko ba ya buƙatar kasafin kuɗi. Masarautar Haɗeja, ƙarƙashin Mai Martaba Alhaji Adamu Abubakar Maje, tana da ikon tara sarakunan ruwa da shugabannin masunta da 'yan fito a zauna a shata inda inji zai bi da inda ba zai bi ba, da abin da baƙo zai biya, da kason da za a ware don yanke kachala. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Binyaminu Usman da ke Haɗeja tana iya horar da matasa gyaran injin jirgi da ƙera jirage marasa zurfin ciki, Jami'ar Sule Lamido ta Kafin Hausa kuma ta sa ɗalibanta su riƙa auna zurfin hanyoyin suna rubutawa kowace kaka. Gwamnatin jiha ta tsaya a kan abin da yake nata: rajistar jirage, rubuta adadin fasinja a jikin kowanne, samar da rigunan kariya, da hukunta wanda ya karya doka ko waye shi. Sauran kuma na 'yan ƙasar Haɗeja ne da ke Kano da Kaduna da Abuja, waɗanda suke zuwa gida da salla su koma ba su taka bakin kogi ba. Idan sanyin bana ya shigo, ku haɗa kanku, ku nemi ɗan fito mai lafiyayyen jirgi, ku sa riga, ku biya shi haƙƙinsa da kyau, ku shiga ku ga halin da ruwan da ya raini iyayenku yake ciki.